Kayan Aro a Baro

Ban taɓa sanin rabin kayan kicin ɗinmu ba namu ba ne sai da muka tashi barin Umarari. Ni na fara ganowa, don ni aka ɗora wa haɗa kaya. Babban wanmu, wanda muke kira Yaya, shi ya gina gidan da za mu koma can bakin gari ta hanyar Khaddamari, saboda haka a ganinsa ya gama nasa. Iya, mahaifiyarmu, ta ce ita ba ta san da wani tashi ba, ba wanda ya shawarce ta, alhali ita ta zaɓi kalar fentin ɗakinta. Sauran 'yan'uwa kowa ya kama gabansa. Sai ni auta, da na gama karatu ina zaman jiran aiki, kuma kowa ya san mai jiran aiki ba ta da bakin cewa ta gaji.

Na roƙo kwalaye wajen mai shagon bakin layi, na sayo jakunkunan gana-mas-go, na fito da tsofaffin zannuwa na naɗe duk abin da zai iya fashewa. Iya kuwa ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta riƙe mafici, ta zama shugabar aiki. Ba ta ɗaga ko cokali ba. Aikinta ɗaya ne, ta bari sai na gama naɗe abu tsaf na sa a kwali, sannan ta yi magana.

"Fito da wannan tiren, na Malama ne."

Na fito da shi. Na ɗauki rariya.

"Ita ma ta Malama ce."

Babbar roba, ta Malama. Wuƙar da na tashi na ga ana yanka kuɓewa da ita, ta Malama. Har da muciyar da Iya ta sha bi na da ita a guje ina yarinya, ashe ita ma aro ce. Na ce, "Haba Iya, to mu da me muka zo duniya?"

Ta ce, "Namu suna wajenta."

Malama ita ce maƙwabciyarmu ta bayan katanga. Mutuniyar wajen Biu ce, ta koyar a firamare har ta yi ritaya, kuma duk Lahadi za ka gan ta da ɗaurin ɗankwalinta kamar zai taɓa sama, za ta coci. Mu Mama muke ce mata. Ita tana kiran Iya Hajja, Iya na kiranta Malama. Tun kafin a yaye ni wani ruwan sama ya zubar da saman katangar da ke tsakaninmu, ya bar giɓi daidai ƙirjin mutum. Da mai gidan haya ya turo magini ya gyara, su biyun suka haɗu suka kore shi. Ta wannan giɓin komai ke wucewa, gishiri da garwashi da gulma, naman layya daga nan, shinkafar Kirsimeti daga can. A shekarun da fita ta gagari mutane a garin nan, duk wadda ke da gari a buhu ita ke ciyar da gida biyu. Ni kaina ta nan aka riƙa miƙa ni in Iya za ta unguwa, kuma na sha ranƙwashin Mama kamar yadda na sha na Iya.

Kafin a jima kayan Mama sun yi tuli guda a gefen rumfa. Na ce bari in riƙa miƙa mata su ta katanga, in rage cunkoso. Iya ta ajiye mafici.

"Kul! Kada ki taɓa su. Ni zan san yadda zan yi."

Na gane dalilinta. A unguwarmu ba a mayar da kayan aro sai mai shi ya nema, in ma ya nema abu ɗaya ake ba shi, a kuma sa wani abu a ciki ko da gyaɗa ce. Ranar da mace ta tattara duk kayanki ta aiko miki a lokaci guda, to ba sai ta buɗe baki ba, ta ce ba ita ba ke. Iya ta rasa yadda za ta yi da tulin nan. In ta tafi da shi ta ci amana, in ta mayar ta yanke zumunci. Kuma gaskiyar magana ba gidan ne ke damunta ba. Gidan da ke yoyo duk damina, wa zai yi kukansa? Rabuwa da Malama ce take tsoro, shi ya sa take ja mana aiki, yau ta ce kanta na ciwo, gobe ta sa in buɗe kwalin da na ɗaure wai tana neman kaskon turarenta, alhali yana ƙarƙashin gadonta.

Ana cikin haka wata Asabar Iya ta tafi suna Old Maiduguri, ni kuma na fita kasuwa neman igiya. Sai Yaya ya zo duba aiki. Shi Yaya tun yana ƙarami aka kai shi makarantar kwana, daga nan ya yi shekaru yana aiki a kudu, ya dawo da son tsari kamar ciwo. Mutum ne da in ya ga takalma a ƙofar masallaci sai ya ji kamar ya jera su. Ya kira ni a waya.

"Wannan tulin na gefen rumfa fa?"

"Kayan Mama ne," na ce. Iyakar abin da na faɗa ke nan, Allah ne shaidata, don a lokacin ina fama da mai igiya.

Bawan Allah ya leƙa waje ya kira mai baro. Ga giɓin katanga a gabansa, amma bai ga ya dace a miƙa wa babbar mace kaya ta kan katanga ba. Ya sa aka loda komai, muciya a sama kamar tuta, aka bi ta titi. Suka wuce dattawan da ke zaune a inuwa, suka wuce matan da ke layin famfo, shi yana gaba da farar shaddarsa yana amsa gaisuwa. Ya yi sallama a ƙofar Mama, ya durƙusa har ƙasa, don ladabi kam yana da shi.

"Mama, ga kayanki. Ki duba ko akwai abin da ya rage, kada mu tafi da hakkinki."

Matan famfo ne suka ba ni labarin sauran, kowace da irin nata gishirin, amma duk sun haɗu a kan wannan. Mama ta daɗe tana kallon baron, sannan ta ce, "Na gode, ɗana. Hajja ce ta aiko ka?"

Shi kuma don kada ya cinye ladan shi kaɗai, sai ya ce, "Ƙwarai kuwa, ai ita ta ware su da kanta."

Da Iya ta dawo ta ga gefen rumfa fes, ta tambaya aka gaya mata, sai ta ɗora hannu a ka ta yi salati. Daga nan ta juya harshe zuwa Kanuri, kuma a gidanmu in Iya ta koma Kanuri zalla to kowa ya nemi wajen ɓuya. Yaya ya tsaya yana cewa shi fa amana ya mayar, a ina aka taɓa jin mayar da amana ya zama laifi? Ta ce wanda ya kai shi makaranta ya cuce ta. Ya ce ai ita ta kai shi. Ta ce to ta cuci kanta.

Ta jawo lafayarta za ta naɗa ta je ta wanke kanta wajen Malama. Da ta riga ta fita da shi ke nan, da ban sami abin ba da labari ba. Amma tana cikin naɗawa muka ji ƙarar taya a zaure. Mai baro ne, dattijo mai haƙoran goro, ya turo kaya har tsakar gida. Turminmu, babbar tukunyar da ake dafa abincin suna, dutsen guga na gawayi, fitilar ƙwai, da kwanuka da na ɗauka tuni sun ɓace.

Ya share gumi ya ce, "Malama ta ce a duba ko akwai abin da ya rage, kada ta zauna da hakkin mutane."

Ya juya, bai daɗe ba ya sake dawowa. Wannan karon kayan tarihi ne. Bahon da aka yi min wankan jarirai, rediyon marigayi Babanmu da mijin Mama ya ara don jin ƙwallo tun rediyon na magana, wata laima da ta zama ƙarafa zalla. A zuwa na gaba sai ga kaza da 'ya'yanta a cikin kwando. Wai Iya ta taɓa ba Malama aron kaza ta kwanta mata a kan ƙwai, to waɗannan jikokin jikokinta ne, a karɓa. Ni dai dariya ta kama ni har na zauna a kan kwali ya lotse. Ina cikin dariyar ne mai baro ya zaro wani ƙaramin kofi daga aljihun rigarsa, an rufe bakinsa da leda, ya miƙa wa Iya da hannu biyu.

Gishiri ne.

Iya ta dubi kofin, fuskarta ta canza. Ta ce a hankali, "Har gishiri?" Ta warware lafayar da ta naɗa, ta ninke ta, ta ajiye. Daga wannan lokacin maganar zuwa ba da haƙuri ta mutu.

Abin da ya biyo baya ni ya fi shafa. Iya ta ce tunda abin lissafi ne, ita ma ba za ta tafi da ko tsinken Malama ba. Ta bi kwalayen da na yi kwana da kwanaki ina ɗaurewa ta farke su ɗaya bayan ɗaya. Ta samo allura, ta samo maɓalli, ta samo kwalbar man zafi da ta ƙare tun ina firamare. Kowanne sai an kira mai baro ya kai. Allura guda a tsakiyar baro, ana tura ta a titi! Mama ma ba ta gaza ba, ta aiko da ashana da murfin kwalba da wani guntun sabulu. Mai baro ya daina zuwa bakin kasuwa gaba ɗaya, ya kafa baronsa a inuwa tsakanin ƙofofin biyu yana gyangyaɗi, yana jiran kira. Duk unguwar shi kaɗai ne yake addu'ar kada a shirya.

Na yi faɗa har muryata ta dushe. Na ce wa Iya ni ba jaka ba ce, in ɗaure ta kwance. Na ce wa Yaya ya zo ya ga abin da tsarinsa ya haifar, garin neman gira an rasa ido. Kayan da ya auna da idonsa ya ce mota ɗaya za ta kwashe, yanzu sun cika tsakar gida har ba wajen shimfiɗa sallaya, ga kaji suna yawo a kai suna barin shaidarsu a kan zannuwan da na wanke.

Sai wata safiya muka tashi muka ga an jingina tsohon kwanon rufi a giɓin katanga ta ɓangaren Mama. Iya ta tsaya tana kallonsa, sannan ta ɗauko tsohuwar tabarma ta rataya ta namu ɓangaren, don kada a ce an fi ta. Daga ranar gidan ya yi tsit. Ban san yawan surutun da ke bi ta giɓin nan ba sai da ya ɗauke. Ba "Hajja, kin tashi?" ba "Malama, me kike ƙonawa haka?" A nan dariya ta bar ni, na fara jin tsoro da gaske, don ranar tashi na matsowa, kuma na san halin su biyun. In motar nan ta tashi suna haka, to har kabari ba wadda za ta taka ƙofar wata.

Iya ta rage cin abinci. Amma hannu ya riga ya saba, in ta sauke biski, abincinmu na Barebari, sai ta zuba a kwano na daban kamar kullum, ta nufi katanga, sai ta yi turus a gaban tabarmar. Ta juyo ta miƙo min. "Ungo, ci." Haka na riƙa cin kwano biyu, ana rigima ina ƙiba.

Yaya ya je ya durƙusa ya rantse wa Mama cewa ba wanda ya aike shi. Ta shafa kansa ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗa nagari shi ke rufa wa uwarsa asiri." Ya dawo yana huci. Ni ma na je. Na tarar da ita zaune a tsakar gida, kayan da aka mayar mata suna nan a tule inda aka sauke su, ko cokali ba ta shigar ba. Idanunta sun yi ja. Ta ce, "'Yata, ba baron ne ya dame ni ba. Ashe tun tuni ta zauna ta ware nawa gefe guda, ina nan ina kiranta ta katanga tana amsawa." Na yi bayani har bakina ya bushe, ta ce in gaida gida. Da na kawo wa Iya labari ta ce, "Matar da ta auna min gishiri a kofi?" Ta juya min baya.

Ranar tashi motar kaya ta zo da sassafe, tun zafi bai buɗe ido ba. Maƙwabta suka fito taimako, wanda rabinsa shawara ce. Wannan ya ce a fara sa gado, wancan ya ce gado ne ƙarshe, direba ya ce shi ba a gaya masa da kaji ba. Yaya ya zo da wata farar shaddar, yana nuni da yatsa. Da aka gama lodi, Iya ta naɗa lafayarta mai kyau ta bi gida gida tana sallama da neman yafiya, kamar yadda ake yi. Ana rungume ta, ana kuka, ana ba ta kuka da daddawa a leda. Da ta zo daidai ƙofar Malama sai ta ɗauke kai ta wuce. Mama na tsaye a bakin ƙofar, ta harɗe hannuwa a ƙirji, ita ma tana kallon wani wajen. Daga cikin gidanta ƙamshin miyar yakuwa da bandar kifi na fitowa har titi. Kowa a layin ya ga abin da ya faru.

Muka shiga gaban mota muka matsu, direba, Yaya, Iya, ni a bakin ƙofa. Iya ta rungume kwandon kwalaben humra da turaren wutarta, waɗanda ta ce ko mutuwa za a yi ba za su hau baya ba. Direba ya tada mota. Na ce a raina shi ke nan, Yaya ya gina gida ya rushe wani.

"Tsaya," in ji Iya.

Ta ɗora min kwandon a cinya, ta ce in matsa. Ta sauka, ta gyara lafaya, ta nufi ƙofar Malama kai tsaye. Ba sallama, ba kallo, ta raɓa ta gefenta ta shige ciki. Mama ta bi ta da ido baki buɗe. Jim kaɗan sai ga Iya ta fito, ta kama kunnuwan tukunya da bakin lafayarta, tururi na tashi. Daga kan murhu ta sauke ta.

"Hajja! Lafiya? Miyar ranarmu ce fa!"

"Aro," in ji Iya, ba ta ko tsaya ba.

"Aron tukunya da miya a ciki? A garin wa ake haka?"

"Nawa duk suna cikin kwali, yarinyar nan ta ɗaure komai tamau. So kike mu kwana da yunwa a baƙon wuri?"

Mama ta biyo ta da sauri, ɗankwali na zamewa, ta kai hannu ta fizge murfin. Ya ƙona ta, ta sauya hannu, amma ba ta sake shi ba.

"To murfin dai ba zai bi ki ba!"

"Riƙe abinki."

"Kuma gobe ina nan zuwa karɓar kayana. Na san halinki, ba kya mayar da aro."

"In kin san hanya."

"Da bakina, zan tambaya!"

Matan layi suka fashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa. Mai baro ne kawai ya tashi ya tura abinsa ya nufi kasuwa, ba ko sallama.

Iya ta hau ta zauna, ta ɗora tukunyar a kan tsumma a cinyarta. Hanyar kuwa ba ta da kirki, ga tukunya ba murfi. Duk ramin da muka faɗa sai miya ta yi tsalle ta sauka a kan farar shaddar Yaya. Ya juyo zai yi faɗa, sai ya ga fuskar Iya. Kuka take yi, hawaye na bin kumatunta, ba ta da hannun sharewa don duka biyun suna riƙe da tukunya. Ni na sa gefen mayafina na share mata, ina yi ni ma ina nawa. Daɗi ne ya sa ni kuka, da tausayin tsofaffin nan biyu.

Washegari kafin azahar muka ji keke-napep ya tsaya a ƙofa, da muryar Mama tana yi wa mai keken faɗa wai ya zaga da ita duniya. Ta shigo tana cewa, "Ina tukunyata? Ni ba zama na zo yi ba." Ta zaga gidan ɗaki ɗaki, ta ce fentin ya yi haske da yawa, ta dubi katanga ta ce wannan ai ta gidan yari ce, ko kaza ba za ta tsallaka ba. Iya ta ce wanda bai gina ba ba ya raina. Suka ci abinci a kwano ɗaya, suka miƙe a tabarma ɗaya, suka yi gulmar duk wanda ya zo lodi jiya, har da irin tsayuwar da Yaya ya yi.

Da la'asar ta yi sanyi Mama ta tashi tafiya. Ni kuwa tun da na ji irin ihun da ta shigo da shi na wanke tukunyar tas na kife. Ganin har ta kai bakin keke hannu rabbana, sai na ɗauko na bi ta a guje.

"Mama! Kin manta tukunyarki!"

Ta juyo ta dube ni, ta dubi tukunyar, sannan ta dubi Iya da ke tsaye a ƙofa.

"Hajja, ashe duk 'ya'yanki haka suke?"

"Mayar da ita ciki, sakarya," in ji Iya.

Na koma da ita kicin, na nemi faranti na rufe mata baki.